Ranar da Gaɓar Tafki Ta Ɓace: Nazari kan Ruwa, Haske da Zane Marar Siffa

A shekarar 1893 Claude Monet ya sayi wani fili mai dausayi a ƙauyen Giverny, kimanin kilomita 75 arewa maso yammacin birnin Faris, daura da gidan da yake zaune tun 1883. Layin dogo ne ya raba filin da gidan. Nufinsa ya haƙa tafki, ya janyo masa ruwa daga wani ɗan rafi mai suna Ru, reshen kogin Epte. Mutanen gari ba su yi na'am ba, don suna tsoron baƙin tsirran da zai shuka su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha, wanda kuma ake wanki da shi. Sai da maganar ta kai gaban hukumar lardi kafin ya samu izini. Ya shuka bado iri-iri, har da masu jan fure da masu rawaya da ya saya daga gandun Latour-Marliac, ya gina gada irin ta Japan, ya sa masu aikin lambu su riƙa tsabtace fuskar ruwan. Daga nan har mutuwarsa a watan Disambar 1926, ya zana wannan tafki kusan sau 250.

Wanda ya jera zane-zanen bisa shekarunsu zai ga wani abu yana faruwa sannu a hankali. A na farko-farko, wajen 1899 da 1900, komai yana wurinsa: ga gada ta ratsa tsakiya, ga ciyayi a gaɓa, ga bado a ƙasa. Daga 1903 gada ta fita, gaɓar tafkin ta koma wani siririn layi can saman ƙyallen. Bayan 'yan shekaru layin ma ya ɓace. Abin da ya rage ruwa ne tsagwaronsa, daga wannan gefe zuwa wancan, ba sama ba ƙasa, ba inda mai kallo zai ce nan nake tsaye. A watan Mayun 1909 ya baje zane 48 na tafkin a gidan dillalinsa Durand-Ruel. A ganina ɓacewar wannan gaɓa tana cikin manyan al'amura a tarihin zanen Turai, kuma a kanta zancen nan zai tsaya.

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa game da zane marar siffa, wato zanen da ba za ka nuna da yatsa ka ce ga mutum, ga doki, ga itace ba, shi ne cewa mai zanen ya juya wa duniya baya ya shige cikin kansa. Akwai masu zanen da wannan bayani ya dace da su. Amma akwai wata zuriya, daga Monet zuwa Helen Frankenthaler da Zao Wou-Ki da Joan Mitchell, da ta isa ga rashin siffa ta wata hanya dabam. Sun daɗe suna ƙura wa ruwa da haske ido, har suka lura cewa abin da ido ke gani bai zo da iyakoki da layukan da hankali ke ɗora masa ba. Yawan kallo ne ya narkar da siffa a hannunsu. In haka ne, ma'aunin aikinsu shi ne abin da ya riƙe daga duniyar da aka kalla.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga adon da ba ya kwaikwayon mai rai. Dagin da magina ke yi a bangon soro, da aska takwas a gaban babbar riga, ba hoton kowa ba ne, kuma ba a taɓa cewa don haka ba su da ma'ana. Sai dai tushensu tsari ne da gado: maɗinki ya koyi fasalin a hannun maigidansa, ya san ƙarshen aikin tun kafin ya soka allura. Zanen da muke magana a kansa yana farawa ne daga wani takamaiman wuri a wata takamaimiyar sa'a, kuma mai shi bai san inda zai tsaya ba. Duk wanda ya kalle shi da idon neman tsari mai maimaituwa zai ga hargitsi kawai.

Me ya sa ruwa

Amsar tana cikin halin hasken kansa. Idan mutum ya dubi kwantaccen ruwa kai tsaye daga sama, kimanin kashi 2 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kansa ke komowa daga fuskar ruwan, shi ya sa yake iya hango saiwoyi da ciyawar da ke ciki. Yana ɗaga kai ya dubi nesa, kusurwar kallo tana kwantawa, rabon hasken da ke komowa yana ƙaruwa, har can gaba ruwan ya zama madubi, ba a ganin komai sai sama da gajimare. Injiniyan Faransa Augustin Fresnel ne ya fitar da lissafin wannan a farkon shekarun 1820. Ke nan wanda ke tsaye bakin tafkin Giverny yana ganin abu uku a wuri ɗaya: ganyen bado kwance a fuskar ruwa, duhun da ke ƙarƙashinsa, da sararin sama tare da itatuwa a kife. Ido ba ya iya riƙe ukun a lokaci guda, sai dai ya riƙa kai da komo tsakaninsu. Iska kaɗan kuma ta isa ta farfasa hoton saman ya zama ɓarɓashin launi.

Matsalar mai zane a nan babba ce. Ɗigon fenti ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle shi ne zai tsaya a madadin na kusa da na zurfi da na nesa. Dabarar Monet tana da sauƙin faɗa, da wuyar yi. Ganyen bado yana shafa shi a kwance, kamar ƙwai da aka danne, yana ƙanƙanta shi gwargwadon nisa, don ido ya gane cewa akwai shimfiɗar da ke tafiya gaba. Inuwar itatuwa da hasken sama kuwa yana jan su a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Shafe-shafen kwance da na tsaye suka saƙu da juna. Wanda ya matso dab da ƙyallen saƙar launi kawai zai gani, shunayya a kan kore, shuɗi a kan ruwan toka. Ya ja baya taki biyar, sai ruwa ya bayyana da zurfinsa. Duka biyun gaskiya ne game da zanen, kuma babu wanda aka ƙirƙira: haka tafki yake ga wanda ya kalle shi ba tare da garajen sa wa abubuwa suna ba.

Kafin wannan, magamar sama da ƙasa ita ce ƙashin bayan zanen shimfiɗar ƙasa a Turai. Tun ƙarni na 15, lokacin da masu zanen Italiya suka tsara ƙa'idar nisa, wannan layi ne ke gaya wa mai kallo tsayin idonsa, da inda yake tsaye, da abin da ya fi wani nisa. Shi ke raba ƙyalle zuwa gaba da tsakiya da baya. Cire shi ya rushe wannan martaba gaba ɗaya, kowane ɓangare na ƙyallen ya zama daidai da ɗan'uwansa. Kuma Monet bai cire shi don wata aƙida ba. Kansa kawai ya sunkuyar ya dubi ruwan da ke gabansa, gaɓa ta fita daga iyakar abin da yake kallo.

Ya daɗe yana kan wannan hanya. A 1890 da 1891 ya zana tarin dammunan alkama a gonar maƙwabcinsa kusan sau 25, da safe, da faɗuwar rana, cikin ƙanƙara, cikin hazo. Daga 1892 zuwa 1894 ya yi haka da fuskar babban cocin Rouen fiye da sau 30. Wanda ya maimaita abu ɗaya haka yana nuna maka cewa ba abin ne damuwarsa ba, hasken da ke lulluɓe da shi ne. Kayan aiki ma sun taimaka: bututun fenti na ƙarfe, wanda Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙira a 1841, ya sa ana iya aiki a fili, masana'antun ƙarni na 19 kuma sun samar da sababbin launuka masu ƙarfi, shuɗi da kore da shunayya, waɗanda suka ba shi damar zana inuwa ba da baƙi ba. Ɗaya daga cikin zanen dammunan ne Wassily Kandinsky ya gani a wani nuni a Mosko wajen 1896, lokacin yana masanin shari'a. Daga baya ya rubuta cewa bai gane abin da aka zana ba sai da ya duba littafin nunin, abin ya ɓata masa rai, amma launin ya ƙi fita daga zuciyarsa. A shekarar ya tafi Munich koyon zane.

Akan ambaci J. M. W. Turner na Ingila a matsayin wanda ya riga kowa. Zanensa na 1842, na jirgin ruwa cikin guguwar ƙanƙara a bakin tashar ruwa, ya kusa zama juyin fari da toka zalla, kuma Monet ya ga ayyukansa a Landan a 1870 da 1871. Amma Turner bai saki tsakiya ba. Jirgin yana nan, guguwar kewaye shi take yi, labarin ɗan Adam gaban ƙarfin teku shi ne jigon. Piet Mondrian na Holan ya fi amfani ga bincikenmu, don ya faro daga ruwa ya ƙare a wani wuri dabam. A gaɓar Domburg ya zana teku da gadar katako da ta kutsa cikinsa, kuma a zanensa na 1915 ya mai da su gajerun layuka baƙaƙe, na kwance da na tsaye, a kan fari. Har a nan ana jin ƙyalƙyalin igiyar ruwa. Zuwa 1920 ya rage komai ya koma murabba'ai da ja da shuɗi da rawaya. Mondrian yana neman dokar da ke bayan abin da ake gani, don haka da ya same ta sai ya sallami tekun. Monet bai taɓa sallamar tafkinsa ba.

Zancen yanar ido

Akwai wani bayani mai sauƙi da ake yawan maimaitawa: tsohon ya makance ne, shi ya sa zanensa ya dagule. Zancen yana da tushe. A 1912 likita ya tabbatar masa da yana a idanu biyu. Yanar ido takan sa ƙwayar da haske ke ratsawa ta yi rawaya, daga baya ta yi ruwan ƙasa, ta riƙa tare shuɗi da shunayya. Zane-zanen gadar Japan da ya yi wajen 1920 zuwa 1922 sun cika da ja da ruwan ƙasa da rawaya mai duhu, gadar da ƙyar ake gane ta, kuma a lokacin yakan dogara da rubutun jikin bututu da jerin launuka a kan faifansa don ya san abin da yake ɗiba. A 1923 likita Charles Coutela ya yi masa aiki a idon dama, ya ƙi yarda a taɓa na hagu, bayan aikin kuma ya yi ta kukan cewa launuka sun rikice masa, sai da aka samo masa tabarau na musamman.

Duk wannan gaskiya ne, amma lissafin shekaru bai goyi bayan abin da ake son ɗorawa a kansa ba. Gaɓar tafki ta ɓace shekaru kafin 1912. Tun wajen 1897 ya bayyana wa wani ɗan jarida burinsa na ɗaki mai kewaye wanda ruwa da bado za su zagaye bangonsa. Ciwon ya sauya launin wasu ayyuka na 'yan shekaru, bai ƙirƙiro tsarin ba. Kuma mutumin da ke yayyaga zanen da bai gamshe shi ba, kamar yadda ya yi da dama kafin nunin 1909, ba mutum ne da ke karɓar duk abin da hannu ya jefo ba. Abin da ke damuna da labarin makanta shi ne yana sauke wa mai kallo nauyi. Da zarar an ce larura ce, an huta da tambayar me mai zanen ya gani.

Matar Monet, Alice, ta mutu a 1911, babban ɗansa Jean a 1914. A shekarar da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, yana da shekara 73, ya koma ga tsohon burin nan. Ya gina sabon ɗakin aiki mai faɗi da haske daga rufi, ya riƙa aiki a kan ƙyallaye masu tsayin mita 2, ɗansa Michel kuwa yana fagen daga. Washegarin tsagaita wuta, ranar 12 ga Nuwamban 1918, ya rubuta wa abokinsa Firayim Minista Georges Clemenceau cewa yana son bai wa ƙasa kyautar zane. An sa hannu a takardar kyautar a 1922, amma ya ƙi rabuwa da ƙyallayen, yana ta gyara har ya mutu. A watan Mayun 1927 aka buɗe su a ginin Orangerie da ke Faris: ƙyalle 22 da aka haɗa suka zama zane 8, manne a bangon ɗakuna biyu masu siffar ƙwai, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 91.

Girman nan yana da aiki a cikin hujjar. Zanen da ya fi faɗin ganin mutum ba a kallonsa a tsaye wuri ɗaya. Dole a yi tafiya, a juya, a koma baya, kuma ana tafiya haske yana sauyawa daga na asuba zuwa na faɗuwar rana. Abin da Monet ya rarraba a zane 25 na dammunan alkama, wato wucewar lokaci, nan ya zuba shi a shimfiɗa ɗaya, ƙafar mai kallo ce ke auna shi. Hasken rana na gaske da ke shigowa ta rufi yana cikin lissafin. Shi ya sa benen da aka ɗora a kan ɗakunan a shekarun 1960, wanda ya toshe hasken, ya zama babbar illa ga aikin, har sai da gyaran da aka kammala a 2006 ya cire shi.

Yadda Niyok ta karanta shi

A 1927 kusan ba wanda ya damu da zane-zanen Orangerie. Hankalin masu zanen Faris ya koma ga siffa mai kaifi da tsari mai ƙarfi, aikin Monet kuwa ana ganinsa kamar ragowar ƙarnin da ya wuce. Ɗakunan suka zauna ba kowa, harsasan yaƙin 1944 suka lalata wani ɓangare, sauran manyan ƙyallayen kuma suna jingine a Giverny. Abin da ya farfaɗo da su daga ƙetaren teku ya zo. Daga 1947 Jackson Pollock ya fara shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga fenti ko'ina, ba tsakiya ba gefe. Idon da ya saba da wannan, da ya waiwayi Monet, sai ya ga kaka. A 1952 mai zane André Masson ya yi rubutun yabon ɗakunan Orangerie. A 1955 gidan adana zanen zamani na Niyok, MoMA, ya sayi babban zanen bado, wata gobara ta cinye shi a watan Afrilun 1958, a 1959 kuma gidan ya sayi wani mai ƙyalle uku, tsawonsa ya haura mita 12.

Clement Greenberg, wanda ya fi kowane mai sharhi tasiri a lokacin, shi ya tsara bayanin da ya zauna. A wurinsa tarihin zanen zamani tafiya ce zuwa ga amincewa da cewa ƙyalle shimfiɗa ce marar zurfi, kuma darajar Monet na ƙarshe ita ce ya kusa isa can. Greenberg ya yi wa Monet hidima, ya kuma rage shi. Zanen bado ba shimfiɗa ba ce zalla. Ƙarfinsa yana cikin jayayyar da ke tsakanin fentin da ke zaune a kan ƙyalle da zurfi ukun da ido ke faɗawa. A cire zurfin, a cire gajimaren da ke kife, abin da zai rage ado ne mai kyau. Karatun Greenberg ya mai da ruwan tsani da ake takawa a wuce, alhali a hannun waɗanda suka fi amfana da Monet, ruwan bai taɓa barin zanen ba.

Helen Frankenthaler shaida ce, ga ta kuwa ta kusa da Greenberg ƙwarai a lokacin. A 1952 ta yi tafiya zuwa gaɓar Nova Scotia a Kanada. Bayan ta komo Niyok, ranar 26 ga Oktoba, tana da shekara 23, ta shimfiɗa ɗanyen ƙyallen da ba a yi masa shafen farko ba, faɗinsa kusan mita 3, ta ja 'yan layuka da gawayi, ta tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ta riƙa zubawa. Fentin bai zauna a kan ƙyallen ba, ya shige cikin zarensa kamar rini. Ta sa wa zanen suna Duwatsu da Teku. Ba dutsen da za ka nuna a ciki, sai ruwan hoda da kore da shuɗi suna malala, da filin ƙyalle da ta bari tsirara. Amma a gefen dama akwai shuɗi da ya kwanta da miƙaƙƙen baki, ido kuma ba ya iya ƙin karanta shi a matsayin teku. Magamar da Monet ya kora ta leƙo a nan, guntuwa.

Sabon abin da ta kawo shi ne ta bar fentin ya yi halin ruwa. Monet yana kwaikwayon ruwa da fenti mai kauri, shafe a kan shafe. Ita kuwa ruwan ne a hannunta: yana gangara, yana taruwa a kwari, yana bushewa da baki mai duhu kamar yadda kududdufi ke barin alama. Hasken zanen daga farin ƙyallen da ke ƙarƙashin launi yake fitowa. Da aka fara nuna shi a 1953 bai samu mai saye ba, amma a shekarar Morris Louis da Kenneth Noland suka gan shi a ɗakin aikinta, suka koma Washington suka gina salonsu a kan dabarar. Sun ɗauki zubin, sun bar gaɓar tekun. Man fentin yakan bar da'irar maiƙo kewaye da launi, yana kuma cin zaren ƙyalle, saboda haka a farkon shekarun 1960 Frankenthaler ta koma ga fentin roba da ake tsinkawa da ruwa.

Zao Wou-Ki ya zo da wani gado. An haife shi a Beijing a 1920, ya yi karatu a makarantar zane ta Hangzhou, ya isa Faris a 1948. A al'adar zanen ƙasar Sin, tun zamanin daular Song, akan bar fili fari a takarda ya tsaya a madadin hazo ko kogi, kuma ba a tilasta wa mai kallo tsayawa wuri ɗaya. Abin da ya zama juyin juya hali a Giverny tsohon ilmi ne a can. Zao ya fara gudun wannan gado don kada a ɗauke shi mai sayar da kayan gargajiya, sai ganin ayyukan Paul Klee a 1951 ya komo da shi gare shi ta bayan gida. A manyan ayyukansa shafe-shafe masu kaifi suna cunkushewa a wani yanki, sauran filin kuma ya buɗe ya zama haske ko tururi. A 1991 ya yi zane mai ƙyalle uku don girmama Monet. Tun ƙarshen shekarun 1950 kuwa ya daina sa wa yawancin ayyukansa suna, sai kwanan watan da ya gama su.

Matakin nan nasa ya taɓo wata tambaya da ba ta da daɗi ga hujjata. Idan aka cire sunan, ta yaya za a san zane ya fito daga kallon ruwa? Ashe ba sunan ne ke sa mu ga teku a shuɗin Frankenthaler ba? Tambayar tana da nauyi, ganin yadda kasuwa ta cika da ƙyallaye masu shuɗi a ƙasa, fari a sama, da ɗan zirin zinariya a tsakiya, kowanne da sunan teku ko asuba. Waɗannan daga wasu zane-zane aka koyo su, mai su bai zauna bakin ruwa ba, kuma ana ganewa. Shuɗinsu iri ɗaya ne daga gefe zuwa gefe, haskensu ba shi da mafito, launi ba ya sauya maƙwabcinsa. Wanda ya kalli ruwa da gaske ya san cewa wani lokaci ruwan ƙasa ne, wani lokaci baƙi, ya san cewa wuri mafi haske yakan zauna dab da mafi duhu, ya san cewa inuwar kore a ruwa tana ɗauke da shunayya. Irin wannan sani ba ya buƙatar suna don ya bayyana. Zanen Zao da ba shi da komai sai kwanan wata yana da yanayi, yana da nisa, ana jin nauyin iskarsa. Shaidar kallo tana cikin dangantakar launuka.

Joan Mitchell ita ce gwaji mafi tsanani. An haife ta a Shikago a 1925, ta girma tana kallon tafkin Michigan ta tagar gidansu, ta yi suna a Niyok cikin masu zane marar siffa, ta koma Faransa a 1959. A 1967 ta sayi gida a Vétheuil, a kan tudu mai kallon kogin Seine, saman gidan da Monet ya zauna daga 1878 zuwa 1881. Kwatanta ta da shi ya zama dole ga masu sharhi, ita kuwa ba ta son kwatancen, kuma tana da hujja. Monet yana zama gaban abin da yake zanawa. Mitchell da dare take aiki, a ɗaki, da hasken lantarki, kiɗa yana tashi. Ta sha bayyana cewa ba kwaikwayon shimfiɗar ƙasa take yi ba, abin da ta bar mata a zuciya take zanawa. Shafenta ma dabam ne: mai ƙarfi, mai sauri a ido, da ɗigon da ke gangarowa, ko da yake takan ja baya nesa ta daɗe tana dubawa kafin ta ƙara shafe ɗaya.

A 1983 da 1984 ta yi jerin zane 21 da ta kira La Grande Vallée, sunan wani kwari a yankin Bretagne. Ba ta taɓa ganin kwarin ba. Wata ƙawarta mai tsara kiɗa ce ta ba ta labarinsa, wurin wasansu na ƙuruciya ita da wani ɗan'uwanta da ya mutu yana saurayi yana begen komawa can. Mitchell kuma ta rasa 'yar'uwarta a 1982. A zahiri wannan ya karya abin da na faɗa tun farko, tunda ga zanen shimfiɗar ƙasa da bai faro daga kallon wurin ba. Amma a duba abin da ke kan ƙyallayen. Shuɗi mai zurfi da rawaya da ruwan lemo da kore sun cika su baki da baki, ba magama, ba sama a ware, gajerun shafe-shafe suna hawan juna kamar ciyawa da furanni cikin rana, baƙi kuma yana taruwa ta ƙasa. Labarin ƙawarta ya ba ta dalili da suna. Bai iya ba ta yadda rawaya ke ƙuna idan ta zauna kusa da wannan shuɗin ba, ko yawan duhun da fili mai haske ke buƙata kafin ya tsaya. Wannan ta tara shi ne daga tafkin Michigan na yarinta, da shekara 15 na kallon lambunta da kogin Seine daga tudun Vétheuil. An baje jerin a gidan dillalinta Jean Fournier a Faris a 1984, kuma a 2022 gidauniyar Louis Vuitton ta rataya wani kaso nasa a nuni ɗaya da zanen bado na Monet, shekara 30 bayan mutuwarta.